Lamba Tara

Ikilima ta yaye ɗankwalin da aka rufe littafin da shi, ta ja da baya taku biyu don ta gan shi sosai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo a hankali.

"Goggo, ta ina kika fara?"

Goggo Larai na zaune a kan ƙullin kaya tana ɓare dafaffiyar gyaɗa, tabarau a ƙarshen hanci, tef ɗin awo rataye a wuya kamar kullum. Ƙanwar mahaifin Ikilima ce, tela tun kafin a haifi Ikilimar, kuma ba a taɓa jin ta amsa kuskure ba, ko da riga ta fito da hannu ɗaya gajere.

"Ta farko mana. Ta ina ake fara littafi?"

"Nuna mani farkon."

Goggo ta goge yatsa a zanenta, ta miƙa hannu ta dangwali bangon da ke dama. Bangon baya ke nan. Ita iyakar karatunta na allo ne da Islamiyya, duk littafin da ta taɓa buɗewa da niyyar karatu daga dama ta buɗe shi, kuma har ga Allah ba ta ga dalilin da zai sa wannan ya fita daban ba.

"Innalillahi," in ji Ikilima, ta zauna daɓas a kan katifar da aka naɗe.

Shekara huɗu ke nan tana wannan sana'a, ban da buga wa ɗaliban jami'a takardu a ɗan shagonta na Dutsin-Ma. Ana samun littafi mai kauri, a bi shi falle-falle ana tsaga bakin takardar ana lanƙwasawa ciki, har in an tsayar da shi a buɗe sai suna ko zane ya fito a bakin shafukan. A waya ta fara gani, ta nace har ta iya. Amare na saye, masu gama karatu ma na saye. Lanƙwasawar ba ita ce wahalar ba, lissafin ne, shi kuwa kwamfuta ke yi. Sai ta zana abin da take so a manhaja, ta gaya mata tsawon littafin da yawan fallayensa, ita kuma ta yayyanka zanen tsaye-tsaye, ta fitar da dogon jeri: falle na ɗaya a tsaga a santimita kaza daga sama, falle na biyu a santimita kaza, har ƙarshe. A da Ikilima ke bin jerin da rula tana ɗiga alama da fensir, Goggo ta bi alamar da almakashi. Wannan karon haɗa kaya ya sha mata kai, domin an yi wa mijinta Badaruddeen canjin wurin aiki zuwa Yola, jibi motar kaya za ta zo. Shi ne Goggo ta karɓe takardar jerin, ta ce wadda ta shekara arba'in tana auna ƙugun mata ba za ta kasa auna takarda ba.

Ba ta kasa ba kuwa. Falle ɗari uku, ko ɗaya bai kauce da tsinin allura ba. Sai dai ta faro daga baya ta ƙare a gaba, don haka sunan ya fito yana tafiya daga dama zuwa hagu. Haruffan I guda uku da M da A ba su damu ba, ta ko'ina aka duba su ɗaya ne. Amma K da L sun juya wa jama'a baya.

Ikilima ta kifa littafin ƙasa sama ko Allah zai sa a dace, sai M ta koma W, A ta tsaya a kan kanta. Ta mayar da shi.

"Kawo madubi ki gani," in ji Goggo, ta zaro wani ƙarami daga jakarta ta kara. "To, ga shi nan daidai! Me ya yi saura?"

"Goggo, Baba zai duba madubi?"

Goggo ta mayar da madubin jaka.

Malam Sodangi, mahaifin Ikilima, ya shekara talatin da biyar yana koyar da 'yan aji ɗaya a firamare a Kurfi. Shekara biyu ke nan hawan jinin ido ya rufe masa gani gaba ɗaya. Ikilima ce 'yarsa ta fari, shi kuwa mutumin da ne, goyon kakarsa Bafulatanar Barkiya, don haka kunyar ɗan fari ta kama shi kamun da ba ta taɓa saki ba. Lawal da Huseina, ƙannenta, yana kiran sunansu har maƙwabta su ji. Ita kuwa shekararta talatin da uku ba ta taɓa jin nata a bakinsa ba. Da ta shiga aji ɗaya ta faɗa hannunsa, in yana kiran rajista ya zo kanta sai ya yi gyaran murya ya ce, "Lamba tara." Ita kuma ta miƙe ta ce, "Firazan sa." Sunan ya bi ta har gida, har gidan miji. Yau in ka je Kurfi ka tambayi Ikilima sai an yi tunani, amma ka ce Lamba Tara, kowa zai nuna maka gidan.

Ba wai ba ta san yana son ta ba. Ta sani sarai. Ranar da ta ci jarrabawar shiga sakandare ya hau keke ya je ya sayo mata ƙamus na Turanci mai shafi ɗari shida, ya miƙa wa mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, ya ce, "Ki ba waccan." A littattafan ƙannenta yakan rubuta sunayensu da jan biro, a nata kuwa ya bar shafin farko fari fat. Ta saba, har tana ba da labarin a yi dariya. Amma tun da maganar Yola ta tabbata abin ya daina ba ta dariya. Tsohon ya haura saba'in da biyar, Yola kuma ba nan kusa ba ce. Tsoro take ji ta tafi a kira ta a waya wata rana, alhali ba ta taɓa ji ba ko sau ɗaya.

Dabarar da ta ƙulla mai sauƙi ce. Malam Sodangi ba ya iya haɗuwa da rubutu bai karanta shi a fili ba. Lokacin da yake gani, allon shago, bayan mota, buhun taki, duk sai ya karanta da ƙarfi kamar akwai aji a bayansa. To in ido ya tafi ai yatsa na nan. Mako uku ta yi a gaban kwamfuta tana tsara zanen hawa uku. Inda ta shafa fari, a lanƙwasa takarda can ciki. Inda ta shafa ruwan toka, a lanƙwasa rabi, nan ta sa zanen bangon tsohon zaurensu, wanda ta kwafo daga wani hoto da ya koɗe. Inda ta shafa baƙi, a bar takardar a tsaye, nan ne sunan. Gwajin farko da ta yi a wani tsohon littafi ya yi kyau a ido, amma da ta rufe ido ta shafa sai ta ji komai ya cakuɗe. Ta koma ta ƙara tazara tsakanin hawa da hawa, ta kaurara haruffan, ta zubar da ƙananan baƙaƙe ta ɗauki manya irin waɗanda yake rubutawa a allo. Sau huɗu tana sakewa kafin yatsanta ya iya karantawa shi kaɗai. Sannan ta ɗauko ƙamus ɗin nan, wanda gara ta riga ta ɗan taɓa gefensa, domin ta san hannunsa zai gane shi.

Ga shi yanzu an tsaga, kuma abin da aka tsaga ba ya komawa. Ko da akwai wani ƙamus ɗin, babu sauran kwanaki.

"Ni dai da kin bar shi," in ji Ikilima. "Kin san halinshi da harafin da ya juya. Yara har suna suka sa mashi, Malam Juya-ta. Da wane ido zan kai mashi wannan?"

"Da idonki biyu, tunda shi ba ya da ko ɗaya," in ji Goggo, ta miƙe tana kakkaɓe ɓawon gyaɗa. "Tashi ɗiyata. In faɗa zai yi, ni zai yi ma, na saba tun muna cin tuwo kwano guda. Ɗauko mayafinki kada rana ta yi."

A tasha suka sami ƙaramar motar Kurfi saura mutum biyu. Ikilima ta rungume kwalin a cinya, ta hana yaron mota sa shi a but. Hanya duk kore, gero ya fitar da kai, dawa ta fi mutum tsawo. Goggo ta kama hira da wata mata 'yar Karofi a kan tsadar zare, har suka kai ga gano cewa sun haɗa dangi ta wajen wani kawu. Ikilima kuwa lissafi take yi: su isa bayan azahar, su juyo da la'asar, domin hanyar nan ba a bin ta in rana ta faɗi. Awa biyu ke gare ta, ga kuma littafin da ya lalace.

Sun sami Malam Sodangi a rumfar tsakar gida a kan tabarma, rediyo a gefe, carbi a hannu. Tun daga zaure ya san tafiyarta, amma sai da ya tambaya.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Baba." Ta durƙusa. "Ina wuni?"

"Lamba Tara. Lafiya lau. An zo lafiya? Ya mai gidan, ya haɗa kaya?" Ya karkata kai. "Wannan ƙamshin man zafi kuma na Larai ne. Larai, ke ma kin biyo?"

"Na biyo in ga ko ka ƙara tsufa."

"Na ƙara, amma ban kamo ki ba."

Matar Lawal ta kawo ruwa da fura, aka gaisa, aka tambayi yara. Ikilima ta yi ta juya kwalin a gabanta har Goggo ta zungure ta da gwiwar hannu. Ta buɗe, ta tsayar da littafin a gabansa, ta kama hannunsa ta ɗora a kai. Rabon da ta riƙe hannun nan har ta manta, ta ji ba shi da nauyi ko kaɗan.

Bango ya fara shafawa. Ya bi gindin littafin har ya tarar da ƙyallen da shi da kansa ya manna da ƙaro shekarun baya.

"Wannan ai ƙamus ne." Ya kai hannu gaba, ya ji tsage-tsagen. "Yanka shi aka yi?"

"Gara ta fara ci, Baba. Na ce gara in mai da shi wani abu."

"Hmm," ya ce, irin hmm ɗin da ke sa 'yan aji ɗaya su gyara zama.

Sai yatsunsa suka nutsa cikin hawan tsakiya. Suka bi wani layi da ya lanƙwasa, ya haɗu da wani, ya sake rabuwa. Ya tsaya, ya koma farko ya sake bi. Fuskarsa ta saki.

"Dakata. Larai, wannan ba zauren gidan nan ba ne? Zanen da Garba magini ya yi?" Ya yi 'yar dariya. "Ga ƙullin tsakiya, ga ƙahonnin nan biyu. Ruwa ya kada shi shekara goma sha da suka wuce, aka sa bulo. Garba ya yi zanen nan ne shekarar da..." Ya yi gyaran murya. "Shekarar da aka yi baƙuwa a gidan nan."

Baƙuwar tana durƙushe a gabansa. Yatsunsa suka hau hawa na sama, daga hagu, yadda ya koya wa rabin garin.

"A," ya ce da ƙarfi. "M. I."

Ya kai kan L, ya tsaya. Ya shafa ta sama da ƙasa. Ya ɗauke hannu ya kai can ƙarshen dama, ya biyo a hankali, leɓɓansa na motsi amma babu sauti. Da ya kai ƙarshe sai wani ɗan murmushi ya ɓuya a gemunsa. Ya gane sunan, ya kuma gane tarkon, ya taka a gefensa ya wuce.

"Madalla," ya ce. "Aiki ya yi kyau, Lamba Tara. Allah shi yi albarka."

Ya tura littafin gefen tabarma kusa da rediyo, ya shiga tambayar ko gaskiya ne zafin Yola ya fi na nan.

Ikilima ta amsa masa, ba ta san me ta ce ba. Baƙin ciki ya kama ta, ga kunya a kai. Mako uku tana auna zurfin takarda da ido a rufe, ashe ta manta da zurfin kunyar tsohon. Ko da sunan ya fito daidai, haka zai ce madalla ya ajiye. Ta tashi ta shiga ɗakin matar Lawal da sunan za ta ga jariri, ta zauna a bakin gado tana kallon bango har aka kira la'asar.

Bayan sun yi salla ta yafa mayafi ta fito sallama. Lawal ya riga ya dawo da tsohon daga masallaci, ya koma kan tabarmarsa. Littafin kuwa ya bar gefen rediyo, yana kan cinyarsa. Babban yatsansa na kan K, yana shafa ta, ya ɗauke, ya sake dawowa, kamar mai taɓa haƙorin da ke ciwo.

Ta durƙusa. "Baba, za mu koma. Jibi in Allah ya kai mu za mu wuce. A yafe mani, a sa mu a addu'a."

"Ba ki yi mani komai ba. Allah shi kiyaye hanya, shi ba da zaman lafiya. Ki riƙe salla, ki riƙe mijinki." Yatsan bai bar kan K ba.

Goggo Larai na tsaye tana gyara ɗaurin ɗankwali. Ta dubi yatsan ta saman tabarau, ta dubi Ikilima, sannan ta ɗaga murya yadda har matar Lawal za ta ji daga madafa.

"Ni fa ba a gode mani ba. Ita zane kawai ta yi a kwamfuta, ni na yi aikin da hannuna. Falle ɗari uku, Yaya, ko kuskure ɗaya babu. Ka shekara talatin da biyar kana koyar da boko, ni ban taɓa zama ajin boko ba, amma ga shi na rubuta abin da ba ka da gyara a ciki."

Malam Sodangi ya ɗago kai.

"Babu kuskure?"

"Ko ɗaya."

"Larai, ki ji tsoron Allah." Ya gyara zama, muryar aji ta dawo masa gaba ɗaya. "Tun ɗazu nake haƙuri. Taho ki taɓa nan. Wannan K ce? K da ta ba mutane baya? Ga L ita ma ta bi ta, kamar an yi masu laifi. Sannan kin faro daga dama sai ka ce allo kike rubutawa! Yaro ɗan shekara shida ya yi mani wannan sai ya cika shafi biyu kafin ya fita hutun tara. A ina kika taɓa ganin an rubuta Ikilima haka?"

Matar Lawal ta tsaya a ƙofar madafa da ludayi a hannu. Wata kaza ta ratsa tsakar gida abinta.

Ashe haka yake faɗinsa, yana ɗan jan "li" ɗin, yadda babu wanda ya taɓa ja. Ikilima ta ji sunan ya sauka mata har cikin ƙirji, hawaye suka zubo ba ta ko yi ƙoƙarin tare su ba.

"Na'am, Baba," ta ce.

Tsohon ya lalubi carbinsa bai same shi ba, alhali yana wuyan hannunsa. Ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Ba kira na yi ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Gyara nake."

"Na sani, Baba."

"Ni dai har yanzu ban ga kuskuren ba," in ji Goggo, tana share ido da bakin mayafi. "Ko za ka maimaita?"

"Larai, mota za ta tafi ta bar ku."

Ikilima ta yi dariya cikin kuka, ta share fuska. Ta matso ta kama gefen littafin a hankali.

"Kawo in tafi da shi, Baba. Zanen na nan cikin kwamfuta, in mun isa zan samu wani littafin in yi maka sabo, kowane harafi ya dubi gabanshi. Sai in aiko a kawo maka."

Ta ja kaɗan, littafin bai taho ba. Ya dafe shi da hannu biyu a kan cinyarsa, babban yatsan ya koma inda yake.

"Bar shi nan," ya ce. "Ban gama gyara shi ba."